Fuskar Maigidana

Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in na yi shiru a jira ni.

Maigidana mahauci ne a mayankar garin Garwa. Shekara ashirin da wani abu muna tare, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai na katin shaida, shi ma ruwa ya ci shi a wata damina. Da ya rasu, ba abin da zan duba in ce ga shi.

Ina cikin takaba ƙaninsa ya shigo min da labari. A zamanin shugaban ƙasa na farko ne, gari yana ta samun sababbin gine-gine. Ya ce an buɗe wani gida kusa da hanyar gada, ba a sayar da komai na ci, zane kawai ake ratayewa mutane su kalla.

"Matarmu, mijinki yana can a bango," in ji shi.

Na ce, "Ko takaba ba ta hana ka wasan banza?"

Ya rantse. Wai wani mai zane ɗan Kudu ya yi sati yana zuwa mayanka da alli da takarda, suna yi masa dariya. Na tambaye shi ko ya yi kama. Ya ce shi ma ji ya yi, bai shiga ba, kayansa duk jini.

Saura min kwana goma sha tara. Kullum sai na aika a tambayo ko an sauke zanen. Ran da na fita takaba, kafin in zaga gaishe-gaishe, can na nufa, ƙanin nan yana gaba.

Na tuɓe takalmi a ƙofa, mai gadi ya ce in mayar. Ɗaki ne dogo, fari fat. A tsakar gida wasu mata daga garin Gidar suna ƙona zane a jikin ƙwarya, fararen fata suna tsaye a kansu. An ce ran Asabar ana koya wa mutane zane kyauta. A bango kuwa akwai abubuwan da ban gane kansu ba, ja da baƙi a cakuɗe, wani ma buhun auduga ne aka ɗinke aka shafa wa shuni. Ƙanin ya ce in wannan sana'a ce, shi ma gobe zai rataye tsummansa.

Daga nesa na gane maigidana. Ya sunkuya a kan wani yankakken sa, kafaɗarsa ta hagu ta sauka kamar yadda take tun da wani bijimi ya make shi. Ga hularsa da ya saba turawa baya. Na matsa kusa. Inda fuska za ta kasance babu komai, launin ƙasa ne kawai a shafe.

A nan na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza. Aka kira mai zanen, wani siriri mai tabarau, Fulatancinsa a karye.

Na ce, "Ɗana, fenti ne ya ƙare maka?"

Ya ce, "A'a, Dada," wato uwa. "Shi ya hana." Wai maigidana ya ce malaminsu ya faɗa, wanda ya zana mai rai za a ce ya hura masa rai ranar gobe ƙiyama. "Ya ce min, zana wuƙa, zana san da aka yanka, amma kada ka sa min ido da baki, ba na son a kama ka saboda ni."

Halinsa ke nan. Ya tausaya wa baƙon da ko sallah ba ya yi, ni bai tuna ni ba. Na ji haushinsa ƙwarai.

Mai zanen ya ɗauko takarda ya ce yana tune da fuskar, in na yarda zai zana min in tafi da ita gida, ba wanda zai sani. Ƙanin ya kawar da kai. Na daɗe ina kallon farar takardar nan. Ban taɓa tsallake maganar maigidana yana raye ba. Na ce a bar shi.

Yau na haura saba'in. In na rufe ido ina ganin kafaɗar, ina ganin hular. Fuskar ta tafi, kuma ni na ce a bari. Wani lokaci ina cewa daidai na yi. Yau ba na jin haka.