Ranar da Surukata Ta Zama Wata

A shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata muna zaune a Bronx, a hawa na biyar na wani tsohon bene da liftarsa ke aiki in ta ga dama. Maigidana tafinta ne a wani ofis a Manhattan. Muna da yara biyu, mace 'yar aji uku da ƙaninta, sai mahaifiyar maigidan, Inna, wadda aka kawo daga Kano aka cire mata yanar ido. Likita ya ce ta ɗan dakata kafin ta koma, dakatawar kuwa ta kai ta har shigowar sanyi.

Inna ba ta yarda an je wata ba. Ranar da aka nuna a talabijin tana zaune tare da mu, ido ɗaya a naɗe da bandeji. Ta kalli mutanen nan suna tsalle a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, ta ce a bayan gari aka ɗauka. Maigidan ya ɗauki abin da zafi. Kusan kullum bayan cin abinci sai ya ɗauko lemo da ƙwai, wannan duniya, wannan wata, yana zagaya su da cokali yana bayani. Ita kuwa tana jan carbinta, in ya gama ta ce, "To, sannu da ƙoƙari." Duk wanda ya san Inna ya san ba ta karɓi ko kalma ɗaya ba.

Ana cikin haka 'yata ta dawo daga makaranta tana haki, ta ce za a yi fati ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, kowane gida su zo gaba ɗaya cikin shigar sararin samaniya, kuma akwai kyauta. Ta faɗa da Turanci, ta sake faɗa da gurguwar Hausarta don kakarta ta ji.

Washegari na ja yaran muka je wani babban kanti a titin Fordham. Ga kayan 'yan sama jannati nan a rataye, farare tas, har da tuta a kafaɗa. Na juya takardar da ke maƙale a wuyan ta yaro, na duba, na mayar da ita a hankali kamar wadda ta taɓa garwashi. Riga ɗaya ta kusa cinye cefanen mako, mu kuwa biyar ne. Na ce wa yaran kayan ba su da kyau, ɗinkinsu na banza ne. Ba su yarda ba, suka yi ta kuka har gida.

Maigidan ya yanke hukunci a taƙaice: ba za mu je ba. Ni kuma na shiga kicin, na tsaya ina kallon kwanonin aurena da na sha wahalar kawowa daga gida. Sai na ɗauko samira ɗaya na kifa wa yaron a ka. Ta zauna daram.

Na leƙo falo na ce, "Baban yara, wai me ake kiran abin da suke sawa a ka?"

Ya ce, "Hular kwano."

Na ce, "To, ga kwano."

Daga nan aiki ya kankama. Na sayo takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci da salatif. Kayan ciki na sanyi, farare masu dogon hannu da dogon wando, kowa yana da su. Takalman ruwa ma akwai. A shagon gwanjo na samu mesar wani mataccen injin shara, mai shagon ya ba ni kyauta don ya rabu da ita, na yanka ta uku. Kwalayen garin kunun safe na yara suka zama tankin iska na goyawa a baya. Ni kaina na zaɓi zama tauraruwa mai wutsiya: baƙin zane da na lilliƙa wa taurari, sai tsintsiyar laushi da na naɗe da ƙyalli na ɗaura a ƙugu.

Saura maigidan. Ya ce shi ma'aikaci ne, yana da mutunci a unguwa, ba wanda zai kifa masa kwano a ka. Ban yi musu ba. Na kai wa Inna shayinta, na durƙusa, na ce, "Inna, yaran suna so babansu ya yi shigar mutanen da suka je wata, amma ya ƙi."

Ta ajiye kofin. Na ga idon nan da aka gyara ya yi wani haske.

"Kira min shi."

Ya zo ya tsuguna. Ta ce, "Kai da ka hana ni sakat da lemo da ƙwai, yau an ce ka sa kayansu kana nokewa? Ashe kai ma ba ka yarda ba."

"Inna, ba haka ba ne..."

"In sun je, sa mu gani."

Samirar ba ta shige kansa ba, sai da na ɗauko babbar langar da nake zuba tuwon baƙi. Na naɗe ta da takardar ƙyalli, na ɗaure masa ita a haɓa da ɗankwalina. Ya dubi madubi ya ce a hankali, "Za mu haɗu." Na ce, "Allah ya kai mu."

Yaron ne ya tsokano maganar shigar Inna. Da ma shi da kakarsa kullum cikin wasa suke, tana ce masa maigidana, yana ce mata tsohuwa. Ya ce, "Inna ita ce wata, ga ta fara-fara kuma ba ta motsi." Na zaro ido, ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Kawo tiren nan." Babban tire ne na tasa, mai faɗin gaske. Ta sa na goge shi da toka da lemon tsami har ya riƙa ɗaukar ido, ta yi farar shiga daga sama har ƙasa, ta goya tiren a baya kamar jariri, rabinsa ya leƙo ta saman kanta.

Ranar Asabar liftar ta ƙi aiki. Muka sauko ta matakala, kowane taku takardar tana ƙaras-ƙaras, maƙwabta suna buɗe ƙofa suna leƙe. A titi maigidan ya riƙa tafiya can gaba kamar bai san mu ba, sai dai duk inda ya juya kai langar tana walƙiya. Wani direban bas ya danna masa ham, ya sara masa kamar soja.

Zauren makarantar cike yake da 'yan sama jannati na kanti, duk iri ɗaya, uwa ma sai ta duba da kyau kafin ta gane nata. Amma a duk taron ba wanda ya zo a matsayin wata sai Inna. Aka ba ta kujera a tsakiya, ta zauna ta harɗe hannu, yara suka yi layi ana ɗaukarsu hoto a gefenta. Can wani ɗan yaro mai jan gashi ya lallaɓo ta baya da 'yar tutarsa, ya manna a jikin tiren da cingam. Inna ta ji motsi, ta miƙa hannu ta cafke shi.

"Kai! Wa ya ba ka izini?"

Shugabar makarantar ta matso da abin magana a hannu, tana dariya, ta tambayi me Kaka take cewa. Inna ta gyara zama ta ce, "Gaya mata ni ce wata, kuma tun da nake ban ga wanda ya zo wurina ba. Wannan ɗan ne na farko, shi ma na kama shi."

Maigidan, tafinta guda, ya share murya a ƙarƙashin langa ya ce da Turanci wai mahaifiyarsa tana taya Amurka murna. Kafin ya rufe baki 'yata ta ɗaga murya: "Ba haka ta ce ba!" Ta fassara maganar tiryan-tiryan. Zauren ya ɗauki ihu da tafi, wani uba har da riƙe ciki. Su duk sun ɗauka wasa Inna take yi. Mu huɗu ne kawai muka san da gaske take.

Mu aka ba kyautar, wani ɗan madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Yaron ya miƙa hannu, Inna ta riga shi, ta ce ai ita ta ci. A hanyar dawowa maigidan bai cire langar ba, har yana ɗaga wa mutane hannu, yana ce min da ma shi ya san za mu ci.

Madubin kuwa a tagar falo Inna ta kafa shi, ta saita shi kan benen da ke tsallaken titi. Kafin mako ya zagayo ta san wadda ke dafa wake kullum, da mijin da ke shan taba a ɓoye a bakin taga, da gidan da aka yi baƙi. Maigidan ya ce wannan ba kyau, leƙen asirin mutane ne. Ta ce likita ne ya ce ta riƙa motsa idon. Wata rana da hantsi ina wanke-wanke ta ƙwala min kira, "'Yar nan, zo da sauri, mai waken nan yau kaza ta saya!" Na goge hannuna a zane, na ce ta ɗan matsa min.