Sunan da Goggo Dije ba ta faɗa

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Garba, kuma har yanzu mutanen Gumel shagon Garba suke kiran shagonmu, ko da yake ni nake buɗewa ni nake rufewa. Ban taɓa gyara wa kowa ba.

Garba ne ya fara abin da yanzu ake kira katin kyauta, tun ba shi da suna. 'Yan garinmu da ke neman abinci a Kano ko Legas sukan kira shi gabanin azumi su ce a kai wa tsohuwa shinkafa da sukari da man gyaɗa. Sai ya ɗaure kayan a bayan babur ya nausa Gagarawa ko Sule Tankarkar. Ni kuwa in zauna ina mita, don shago a hannuna yake barinsa, ya dawo da yamma da labarin wanda ya haihu da wanda saniyarsa ta ɓata. Mutum ne mai surutun tsiya, Allah ya jiƙansa, amma ya san inda ake yin shiru.

Bayan rasuwarsa na gaza. Gwiwata ba ta son babur, waya kuma ba ta barin mutum ya ci abinci. Da wani kamfani ya zo da manhajar da ke sayar da katin da kanta, na shiga, kamar yadda masu shaguna da dama suka shiga daga nan har Maigatari. Mai aikowa ya biya daga inda yake, lamba ta tafi wayar wanda aka yi wa kyautar, shi kuma ya zo shago ya nuna lambar, ya faɗi sunan wanda ya aiko. Sai an rubuta sunan daidai manhajar take sakin kaya, domin a ƙauye waya ɗaya gida uku ke amfani da ita. Ba zan yi ƙarya ba, na samu sauƙi. Da Garba na nan, na san zai yaba, sannan ya tambaye ni yaushe rabona da zuwa gaisuwa ƙauye.

Azumin bana wata tsohuwa Bafulatana, Goggo Dije, ta zo daga rugarsu a bayan Sule Tankarkar. Tsohuwar mai sayayyar Garba ce. Ta miƙo mini waya, na ga lambar, na ce, "Goggo, wa ya aiko?"

Ta kau da kai. "Ai ka sani."

Nan na gane ɗan farinta ne, don uwa irinta ba ta kama sunan ɗan fari ko da wuƙa a wuya. Amma ni Ɗan Legas kawai na san ana ce masa, manhaja kuwa ba ta san Ɗan Legas ba. Na gwada Muhammadu, na gwada Bello, ta ƙi. Mutane sun taru a bayanta, wani har da cewa, "Haba Goggo, faɗi mana mu tafi." Ta ɗauki wayarta ta ƙulle a bakin zane.

"Bar shi, ƙanin Garba. Ba yunwa ce ta kawo ni ba."

Na bi ta da kira, ba ta waiwayo ba. Na ce in kasuwa ta lafa zan nemi mafita, kasuwar azumi kuwa ba ta lafawa. Wa'adin katin ya cika, manhaja ta mayar wa yaron kuɗinsa, da saƙon cewa ba a karɓa ba.

Ranar ya kira ni. Usmanu ne sunansa. Ashe barin kiwo ya yi ya bi manyan motoci ba da son ranta ba, kuma wannan ne karo na farko da ya aiko mata da wani abu tun tafiyarsa. Ya ce, "Baba, ta zo shagon?" Na ce ta zo. Ya ce, "Ta gani ta ƙi ke nan. Shi ke nan, ba zan sake damunta ba." Na yi ta bayani, amma na ji ba ya saurare. Saƙon ya riga ni isa.

Washegari na rufe shago a tsakiyar kasuwa, na fito da babur ɗin Garba, na ɗaure buhun shinkafa daga shagona. Hanyar ta ci mini gwiwa, na yi ta tsaki har rugar. Na sauke kayan a ƙofar bukkarta, na faɗi abin da na sha jin Garba yana faɗa: "Goggo, wancan na Legas ya ce a gaishe ki."

Ta dubi buhun. "Lafiyarsa ƙalau?"

Na kira shi, na miƙa mata wayar. Ta riƙe ta nesa da kunne kamar za ta ƙone ta, sannan ta ce, "Kai ne? To, ya iso."

Na roƙi kamfanin su cire tambayar nan, sun ce suna dubawa. Ban bar manhajar ba, don ba ni da ƙarfin da zan bar ta. Na gaji, kuma a bana ne na fi jin kewar Garba. Bai bar gida na a zo a gani ba, shagon ma ya tsufa. Abin da ya bari shi ne tsofaffin da suka saba a kawo musu alherin 'ya'yansu ba tare da an sa su buɗe baki ba. Da zan hau babur in dawo, Goggo Dije ta biyo ni da ƙwaryar nono, ta ce Garba ba ya tafiya sai ya sha. Na ce ina azumi. Ta ce ai shi ma da azumin yake zuwa, zama yake har a sha ruwa. Sai na jingine babur ɗin na zauna.