Mara Lafiyan Gidanmu

Baba bai taɓa yarda cewa yana son karen gidanmu ba. Kullum cewa yake ma'aikaci ne kawai, gadin awaki ya ajiye shi. Amma da karen ya tsufa, ƙafafunsa na baya suka fara gazawa, har sai ya yi ta nishi kafin ya miƙe, Baba ne ya fara rasa sukuni.

Lokacin na zo hutu ƙauyenmu da ke gefen Baure. Ranar kasuwa ya ce in ɗauke shi a babur mu je kemis. Muka tarar shagon cike, har da limamin ƙauyenmu a kan benci yana jiran a auna masa jini. Baba ya dubi liman, sai ya rage murya.

"Maganin ciwon gaɓoɓi nake so, na wani tsoho a gidana."

Mai kemis ya ce, "Yana cin abinci?"

"Yana ci. Ƙashi ne dai ya gagare shi yanzu."

"To Alhaji, tsoho ina shi ina ƙashi? Yana iya fita masallaci?"

Baba ya yi tari. "A kwance yake wuni."

Liman ya miƙe. "Subhanallahi! Ashe yayanka ba lafiya, shi ne ba ku faɗa ba?"

Baba ya yi sauri ya biya kuɗi. Ya karɓi magani muka fito.

Yayan nasa, Baffanmu, garau yake. Yana gindin darbejiya yana tufka igiya masu dubiya suka fara sallama bayan la'asar, wannan da fura, wancan da lemo. Baffa ya dubi kayan, ya dube ni. Bai tambayi komai ba, ya ajiye igiya, ya kishingiɗa, ya ce da sauƙi.

Ni kuwa hankalina bai kwanta da ƙwayoyin ba, na kira wani abokina malamin dabbobi a Daura. Ya ce kul muka ba kare maganin mutane, yana iya huda masa ciki ko ya kashe masa ƙoda. Ya ce gobe zai zo da maganin karnuka. Ƙwayoyin kemis kuwa Baffa ya karɓe, ya ce tunda an ce ba shi da lafiya, gwiwarsa ma ta daɗe tana damunsa.

Washegari masu dubiya suka cika zaure, har sun fi na jiya. Abokina ya sauka daga babur da jakarsa, ya gaisa da jama'a, ya ce, "Ina mara lafiyan?"

Duk aka nuna Baffa. Baffa ya miƙo hannu a auna shi.

Abokina ya ce, "Baffa, yi haƙuri, ni likitan dabbobi ne. Karen nake nufi."

Liman ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Sannan wani ya fashe da dariya, kowa ya bi, ban da Baffa, wanda ya jawo ƙwaryar fura kusa da shi kada wani ya ce a mayar.

Aka sa kare a buhu aka rataya a sikelin hatsi, don da nauyi ake ba su magani. Abokina ya zaɓi wanda ba ya wahal da ciki, ya ce a riƙa bayarwa bayan ya ci abinci. Kare ya shinshina ƙwayar ya kau da kai. Sai da aka cusa ta cikin tsokar nama ya haɗiye.

Baffa ya ce da Baba, "Kai dai ba ka da ta ido. Ni da ruwan randa na sha nawa, shi kuwa da nama!"

Kafin hutuna ya ƙare karen ya koma bin awaki, a hankali, yana tafe yana hutawa. Baffa ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Baba. Ba su shirya ba sai da aka yi yarjejeniya: duk ranar da aka sayo naman magani, Baffa ne zai raba, kuma ba a tambayarsa ina sauran.