Lallen Da Na Ƙunsa Don Jirgin Jidda

Shekarar da aka ɗaura mana aure maigidana ya tafi aikin Hajji. Tela ne a babbar kasuwar Minna, mutum marar yawan magana, ni kuwa littattafan soyayya sun cika mini kai. Ranar da zai tafi na ce masa in ya sauko daga jirgi, fuskata zai fara gani. Ya yi murmushi, ya ce Allah ya kai mu.

Wani tsohon alhaji a unguwarmu ya gaya mini cewa daga Jidda zuwa filin jirginmu na Maikunkele ba wani nisa ba ne a sama. In jirgi ya tashi da hantsi, kafin la'asar ya sauka. Wannan maganar na riƙe. Da aka ce alhazai sun fara dawowa, sai na ƙunsa lalle, na yi kitso, na tuƙa tuwon shinkafa, muka hau motar haya ni da yayarsa.

Abin da tsohon bai faɗa ba shi ne hantsin wace rana.

Damina ce. Mukan shimfiɗa tabarma a bayan shingen waya tare da sauran masu jira, in ruwa ya sauko mu ruga ƙarƙashin rumfa. Kullum sai a ce jirgi yana hanya. Kullum da yamma mu ci tuwon da sanyinsa, in ɗauko kwanon mu koma gida. Lallen ya fara koɗewa, kitson ya saki.

"Amaryarmu, wuyanki bai gaji da kallon sama ba?" in ji yayarsa. "Ni dai ƙafafuna sun kumbura. Gobe sai dai ki zo ke kaɗai."

"Yaya, ai alkawari na yi masa."

"Shi ya roƙe ki? Ko littafi ne ya aike ki?"

Washegari na je ni kaɗai. Ban da balbela babu abin da ya sauka a filin. Na dawo gab da magariba, zanina a jiƙe, silifas ɗina duk taɓo. A ƙofar gida na tarar da takalma birjik, ga ƙamshin turare har waje.

Ashe a Kano aka sauke su, suka ƙaraso da mota, zaman motar ma ya fi na jirgin tsawo. Tun azahar yana gida. Duk unguwa sun riga ni ganinsa, sun sha zamzam, har ƙwallayen dabino sun taru a faranti.

Yana zaune ya rame, yana ta tari. Na durƙusa na yi masa barka da sauka.

"Ke kuma ina kika shiga? Tun ɗazu nake cigiyarki." Ya dubi hannuwana. "Ashe ko lalle ba ki yi mini ba?"

Na ce, "Na yi, Alhaji."

Na ajiye kwanon tuwon, na wuce madafa in ɗora masa ruwan zafi.