Makon Sallah da Na Sayar wa Tela

Shekara goma sha ɗaya na yi a masaƙa a Kakuri. Ranar da aka sallame mu ba wanda ya yi mana jawabi. An liƙa takarda a bakin ƙofa, wani ya karanta mini, na koma gida Unguwar Mu'azu. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Farar hula sun hau, gari ya cika da sababbin kamfanoni, kowa da abin da yake talla. Wanda ya ɗauke ni aiki, mako yake sayarwa.

Ga yadda abin yake. Sun gina ɗakunan hutu a bakin wani dam, can kan hanyar Kachia. Ba ɗakin kake saye ba, mako guda kake saye a cikin shekara. Duk shekara idan makonka ya zagayo, ɗakin naka ne kwana bakwai, sannan ka fita wani ya shiga. Makonnin lamba gare su, daga ɗaya zuwa hamsin da biyu. A cikin ɗakunan ɗaya ne babba, mai falo da ɗaki biyu. Sauran, kana buɗe ƙofa kana kan gado.

Manajanmu mutumin Legas ne, kullum cikin kwat. Ban yi boko ba, a lokacin ko sunana ba na iya karantawa. Ya ce ba karatu yake nema ba, baki yake nema da ƙafa. Ya ba ni littafin hotuna. Ya ce in tara mutane ran Asabar, a zuba su a bas, a kai su su ga ruwa, a ba su shinkafa da lemo.

"Kuma kada ka bari mutum ya ce sai ya yi shawara da iyali," in ji shi. "Wanda ya koma gida ya tafi ke nan."

Wata uku ban sayar da ko kwana ɗaya ba. A Makera wani maƙeri ya kalli hotunan ya ce, "Ina da gida, ina da gado, sai in biya in je daji in kwana?" A Sabon Tasha suka ce su ƙauye gare su, can suke hutawa. Wani ya tambaye ni ko a makon nasa zai iya shuka masara. Bas kuwa kullum cike take. Su ci shinkafa, su yaba ruwan dam, su sauka su ce Allah ya saka. Ran Litinin Manaja ya tsayar da ni gaban kowa ya ce shinkafarsa nake rabawa dangina.

Sai aka yi rikicin nan. Ba zan yi maganarsa ba, wanda ya san Kaduna ya sani. Bayansa kowa ya kwashi kayansa ya koma inda nasa suke, Musulmi gefe, Kirista gefe. Ni na ci gaba da shiga ko'ina, don ciki ba ya jira. In zan shiga Sabon Tasha in cire hula in sa a aljihu. In na nufi Tudun Wada in mayar da ita.

A Tudun Wada akwai wani tsohon tela. Da na fara zuwa Kaduna ban san kowa ba, a shagonsa na kwana shekara guda, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Baba nake ce masa. Ɗansa ɗaya, ya auri Kirista 'yar kudancin jiha, sun haifi mace da namiji. Bayan rikicin suka koma Sabon Tasha kusa da danginta. Ta rantse ba za ta sake kai 'ya'yanta Tudun Wada ba, kuma tana da dalili. Baba ba ya shiga Sabon Tasha, shi ma yana da nasa. Ɗan yakan zo gaisuwa shi kaɗai. Jikokin kuwa Baba ya yi wata takwas bai sa su a ido ba.

Ba talla na je masa ba. Wandona ne ya yage, na ajiye littafin hotunan a kan teburin keke. Ya buɗe yana dubawa.

"Nan unguwar su wa ce?"

"Ba unguwar kowa ba ce, Baba. Daji ne da ruwa."

"Akwai coci?"

"Babu."

"Masallaci fa?"

"Babu. Sai mai gadi."

Ya rufe littafin. Ya ce, "Ina son makon Sallah. Babban ɗakin."

Na kai shi ofis. Sakatariya ta dubi kalandar bango ta ce ƙaramar Sallah za ta faɗo a makon ƙarshe na Disamba, lamba hamsin da biyu. Manaja ya washe baki, don shi ne mako mafi tsada. Aka karanta takarda da Turanci, da sauri. Baba bai kalli Manaja ba, ni ya kalla.

"Makon Sallah ne?"

"Makon Sallah ne, Baba."

"Kowace shekara?"

"Kowace shekara."

Ya sa hannu da ajami. Ni da shi duka mun san Sallah ba ta zama wuri ɗaya. Mun yi azumi a bazara, mun yi a damina. Amma ba wanda ya taɓa lissafa shekara da lambar mako a cikinmu. Na ɗauka duk inda Sallah ta je, lambar za ta bi ta.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Sallah da Kirsimeti suka haɗu a mako ɗaya. Surukar ta yarda ta fasa zuwa ƙauyensu, ta zo da yaran. Ni na raka su a bas. Baba ya sauka da jakar ɗinki, ya ga jikarsa tana ɓuya bayan uwarta.

"Ke matata, haka ake tarbar miji? Wata nawa ban gan ki ba, kin yi wani saurayin ko?"

"Ni ba na auren tsoho mai jan baki," in ji yarinyar.

"Goro ne, na sadakinki."

Har uwar sai da ta yi dariya. Ya ba su kayan Sallah da ya ɗinka da ƙiyasi. Kafin su tafi ya jera su ya auna, kafaɗa, hannu, tsawo, ya rubuta a bayan kwalin zare don baɗi. Tun da na fara aikin nan, ranar ce kawai ban ji kunyar littafin hotunan ba.

Shekara ta zagayo. Azumi ya yi nisa Baba ya aike ni ofis in ce a share ɗaki. Sakatariya ta buɗe babban littafi ta ce makonsa hamsin da biyu ne, Sallar bana kuwa a hamsin da ɗaya take. Na ce ta sake dubawa. Ta juyo mini littafin, kamar zan iya karantawa.

Na shiga wurin Manaja.

"Oga, makon Sallah muka sayar wa tsohon nan."

"Hamsin da biyu muka sayar masa."

"Sallah ta matsa."

"To ka je ka gaya wa Sallah ta dawo. Kalanda ba ta yawo."

"Da bakina na ce masa kowace shekara."

"Bakinka ba ya cikin takarda."

Na fita ban rufe masa ƙofa ba. Na roƙi sakatariya ta faɗa mini mai hamsin da ɗaya. Ashe wata tsohuwar nas ce a Sabon Tasha, ni da kaina na sayar mata. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida.

"Mai sayar da iska! Yau kuma me ka kawo, wata ko shekara?"

"Mama, musanya na zo roƙo."

Na faɗa mata komai. Ta ce da ma makon Kirsimeti take so tun farko, don 'ya'yanta daga Abuja suke zuwa gidan ya yi musu kaɗan, ni na ce mata ya ƙare. Ta yarda. Manaja ya ce sai an cika fom an jira amsa daga Legas. Ban jira ba. Na je dam na yi wa mai gadi bayani, ya ce shi dai mutum ɗaya ya zo da makulli ɗaya.

Baba ya yi Sallarsa da jikoki, ya sake auna su. Ban gaya masa abin da ya faru ba. Wannan laifina ne, ba na Manaja ba.

Shekara ta uku Sallah ta koma arba'in da tara. Mai makon wani ma'aikacin matatar mai ne, yana zaune wajen Rido. Ba ni na sayar masa ba. Sau huɗu ina zuwa. Biyu ba ya nan, na uku kare ya hana ni shiga. Na huɗu ya fito da gajeren wando ya saurare ni har ƙarshe. Ba mugu ba ne.

"Malam, na ji tausayin tsohon," ya ce. "Amma hutuna na ofis a makon nan aka rubuta shi tun farkon shekara. Ni ma takarda ce ta ɗaure ni."

Na koma ofis. Ƙananan ɗakunan ma duk da masu su. Manaja ya saurare ni, sai na ga idonsa ya yi haske.

"Kai ba ka da kan kasuwa. Wannan ai kwastoma ne na har abada. Na bana ya wuce. Sayar masa da inda Sallah za ta faɗo baɗi, tun yanzu. Baɗi ka sayar masa da na gaba."

Na tambayi sakatariya yaushe Sallah za ta koma hamsin da biyu. Ta yi 'yan rubuce-rubuce ta ce sai bayan shekara talatin da wani abu. Baba ya haura saba'in.

Saura hanya ɗaya. Na je wurin surukar na roƙe ta ta kawo yaran a makon Baba na takarda, ko da ba Sallah ba ce. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa.

"Makon Kirsimeti ke nan," ta ce. "Na fasa zuwa gida sau ɗaya saboda shi. Ni ma uwa gare ni, ita ma ta tsufa, ita ma sau ɗaya take ganinsu a shekara."

Na shanye ruwan na tashi.

Saura kwana uku Sallah na je shagon Baba bayan la'asar. Kaya jibge ko'ina, mutane na tsaye suna jiran ɗinki. Na jira suka ragu. Na faɗa masa tun daga farko, har da maganar nas. Ƙafarsa ba ta bar taka keken ba.

"Ka ce kowace shekara."

"Na faɗa."

"Bara ka san da wannan?"

"Na sani."

Ya kai ƙarshen layin, ya ciji zaren ya yanke. Na so ya zage ni. Bai zage ni ba. Ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur, riga da wando da hula na yaron, riga da zane na yarinyar.

"Kai musu. Kai ai kana shiga."

Ran Sallah ina saukowa daga idi na hau ƙaramar bas zuwa Sabon Tasha, hula a aljihu. Na yarinyar ya yi daidai. Na yaron, wandon ya tsaya a ƙwauri, hannun rigar bai kai wuyan hannu ba. Baba ya ƙara a kan awon bara, amma yaron ya wuce ƙarin. Yarinyar ta tambaye ni ina tsohon mijinta. Na ce aiki ya yi masa yawa.

Uwar ta ɗauko tef ta ce a auna a kai masa. Na ce ba na riƙe lamba, lamba ta ishe ni. Na nemi igiya. Na auna kafaɗar yaron na ƙulla, hannu na ƙulla, tsawo na ƙulla. Na yanki wata na yi wa yarinyar.

Na kai wa Baba da yamma. Ya shimfiɗa igiyar yaron a kan tebur, ya ɗora tef a gefenta, ya daɗe yana kallon ƙullin ƙarshe.

"Har ya kai nan?"

"Ya kai."

Ya rataye igiyoyin a ƙusa saman keken. Bai ce in zauna ba, ni ma ban zauna ba.

Bayan hutun Sallah na kai littafin hotunan ofis na ajiye a teburin Manaja. Ya ce irina ba sa ci gaba a duniya. Na ce na ji. Na koma dakon buhu a kasuwar Kakuri.

Shekarar da ta biyo ma ni na kai kayan, na dawo da sababbin igiyoyi. Da na shiga shagon na ga wata takarda mai tambarin kamfani a kan tebur, an yanke ta a lanƙwashe an soke da allura a jikin yadi. Na gane ta da sa hannun ajami da ya rage a gefe. Da ita yake fitar da wuyan rigar yara.