Koren bakin faifai

Da ƙaramar 'yata ta haihu a Kafin Hausa, na ce ba zan je suna hannu rabbana ba. Tun ina yarinya nake saƙar faifai, kuma a gidanmu faifan mai jego sai da kore a bakinsa. Haka na tarar. Farar kabar da ta rage mini dami ɗaya ce tak. Mai sayo mana garin rini daga kasuwar Jahun ya kawo ja da shuɗi da rawaya, ya ce kore ya ƙare.

Na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito tsakar gida, in sake kwance ƙullin rinin kamar kore zai tsiro a ciki. Na san ana haɗa shi, na ga uwata ta yi, amma rabona da gwadawa har na manta. In ya ɓaci, babu wata kabar.

Ranar Asabar ce, jikokina uku na gida, 'ya'yan babban ɗana da muke zaune tare a Dutse: mata biyu da autansu namiji, wanda nake tsokana da maigida. Suka kewaye murhun.

"Iya, a makaranta an ce rawaya da shuɗi kore ne," in ji babbar.

"An ce. Kin gani da idonki?"

"A allo aka rubuta."

"To tsinko mini ganyen zogale. Shi ne allonmu yau."

Na ɗora ruwa, na zuba rawaya tukuna, don mai haske ake fara sawa. Na ba kowa zaren kaba ɗaya. Shuɗin kuwa na ce da tsinken tsintsiya za a ɗiga, a juya, a tsoma, a kara da ganyen. Idona na kan hannuwansu. Ruwan ya tashi daga rawaya ya koma kalar ɗanyen lemo, ƙaramar ta yi ihu.

"Iya, tsafi kike yi?"

"Rufe mini baki ki juya."

Akuya ta shiga rumfa, na waiwaya in kore ta. Kafin in juyo, maigida ya kife gwangwanin shuɗin gaba ɗaya a tukunya.

"Ai Iya nawa kike yi, na taya ki!"

"Na sake ka, maigida! Tashi ka bar mini gida!"

Yayyensa suka fashe da dariya. Ruwan ya yi duhu kamar na kwata. Ban zubar ba. Na sa suka rage rabi a wata tukunya, suka ƙara ruwa, muka juye sauran rawayar duka. Shi mai laifin na ba muciya, ya yi ta juyi yana hawayen hayaƙi. Babbar ta tsoma zare, ta kara da ganye.

"Ya kusa, Iya."

"Kusa ba shi ba ne. Sake."

Da ya yi daidai, na raba musu damin uku. Nan ma ba su bi maganata ba: wannan ta tsame da wuri, waccan ta daɗe, maigida ya manta da nasa. Kore iri uku muka shanya a igiya.

Haka na saƙa, na kai suna. Mai jego ta juya faifan, ta tambayi inda na samo wannan salon. Na ce ta tambayi 'ya'yan yayanta. Har yau in na je ɗakinta, layin maigida mai duhun nan nake fara hangowa, hannuna yana ƙaiƙayin warware shi.