Ranar Da Maigidana Ya Biyo Ni Ƙarƙashin Teku

Ko da tsufa zai sa in manta da shagalin bikina, ba na jin zai iya goge mini ranar da na shiga ƙarƙashin teku a tsibirin Zanzibar. Abin ya faro ne da wani hantsi, ina zaune a barandar masaukinmu ina kallon ruwa. Sai na hango wani tsohon Bature da matarsa suna saukowa daga ƙaramin jirgin ruwa, sanye da baƙaƙen kayan roba, kowa da tukunyar iska a bayansa. Kansu fari fat da furfura, amma hannunsa na cikin nata, yana raɗa mata magana tana dariya. Na bi su da ido har suka shige, na ce a raina, ashe dai abin da ake rubutawa a littafi akwai shi a duniya, ni ce ban dace ba.

Ni haifaffiyar cikin garin Daura ce, gidanmu ba nisa da Kusugu. Na tashi da karatun littattafan soyayya, irin waɗanda ake bayarwa haya a kasuwa. Shekarun da aka fara shari'a ne, malamai na ta wa'azi a kansu, mu kuwa sai mu cusa su cikin hijabi mu shige ɗaki. Kafin in gama sakandare na riga na san irin mijin da zan aura: dogo, mai sanyin murya, mai ƙamshin turare, wanda zai riƙa kirana da wani suna da shi kaɗai ya san shi.

Wanda na aura likitan dabbobi ne, ɗan Sandamu. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ce ina so. Shirunsa ne ya ruɗe ni, don a littafi duk namijin da aka ce miskili ne, da zarar an ɗaura aure sai bakinsa ya buɗe, zuma ta yi ta zuba. Nawa kuwa aka ɗaura, na jira, na jira, shirun ya ci gaba da abinsa. Ya dawo da yamma yana warin maganin kaska, ya tambaya ko akwai mai a janareta, ya kunna rediyo. Lokacin wayar hannu ta shigo, ƙawayena na nuna mini saƙonnin da mazansu ke turo musu. Ni saƙon da na taɓa samu shi ne: "A ajiye mini tuwo, ina Zango." In za mu unguwa yana gaba ina baya, kamar wadda aka ba shi rakiya.

Na kai kuka wurin yayata. Ta tambaye ni ko yana dukana, na ce a'a. Ko yana bari na da yunwa, na ce a'a. Ta ce to littafi ne ya lalata ni, in tashi in ba ta wuri. Amma ni na riga na yanke shawara. Ana cikin haka wurin aikinsa suka tura shi taro kan cututtukan shanu a can tsibirin, ya ce in shirya da ni za a tafi, kamar mai cewa in miƙo masa buta. Na ce a raina zan je in ga duniya, amma in muka dawo gidanmu zan wuce, ba zan koma ɗakina ba sai dai a kawo mini takardata. Da wannan niyyar na hau jirgi, shi bai sani ba.

Da aka gama taron ya rage mana 'yan kwanaki na hutawa, a nan ne na ga tsofaffin nan. Maigidan ya shigo, na ce masa ina so mu shiga ƙarƙashin ruwa kamar yadda suka yi. Ya dube ni ya tambaya ko na iya iyo. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba. Na ce ai an gaya mini ba sai an iya ba, akwai mai koyarwa. Ya ce a bari dai. Sai na faɗi maganar da ta daɗe tana cina, na ce dama duk abin da nake so shi ba ya so. Ya saka takalmi ya fita, can ya dawo ya ce gobe da safe ne.

Mai koyarwar ɗan tsibirin ne, Musulmi, magidanci mai yawan barkwanci. Ya nemo mini kayan ruwa irin na matansu, masu rufe jiki har da kai, na ɗora doguwar riga a sama. Ya fara da mu a wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba. Ya koya mana numfashi ta tiyon da ake cusawa a baki, da tafiya da wasu faffaɗan takalma kamar ƙafar agwagwa. Ya ce a ƙasa ba a magana, sai da hannu: in lafiya ka haɗa yatsu biyu, in da matsala ka karkaɗa tafi. Abin da ya fi nanatawa shi ne kome ya faru kada mutum ya riƙe numfashi, kada kuma ya yi sama da gudu, don huhu na iya fashewa. Ya ce za mu iya gamuwa da shak, kifin nan da ake cewa yana cin mutane, amma na wurin ba ruwansu da kowa. Ni duk daɗi nake ji. Maigidan kuwa ko karin kumallo bai yi ba, leɓɓansa na ta motsi. Na ɗauka lazimin safe ne bai ƙarasa ba.

Da jirgi ya kai mu tsakiyar ruwa, mai koyarwar ya ce tunda mu sabbi ne, mu riƙe hannun juna tun daga nan, kada mu saki sai mun fito. Na miƙa nawa. Maigidan ya waiga ya dubi sauran mutanen jirgin, ya ce da ni da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Bari dai mu shiga ruwan, mutane na kallo." Wato ko a nan, inda ba wanda ya san kakanmu, kunyar Sandamu ta biyo mu. Na janye hannuna, na ƙara ƙulla niyyata.

Muka bi igiya muka sauka a hankali. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Hayaniyar duniya ta ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai numfashinka yana ɓulɓul kamar tukunya a kan wuta. Hasken rana na saukowa zara-zara. Ga duwatsun murjani, wasu kamar suri, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar an kife ƙwarya. Kifaye kuwa, duk atamfar da na taɓa gani a lefen wata ban ga launi irin nasu ba: rawaya da ratsin baƙi, shuɗi mai walƙiya, wasu ƙanana ja suna tafiya a tare su juya a tare kamar 'yan makaranta. Wata kififiya, wato kunkurun ruwa, mai faɗin faifai ta zo ta wuce ta gabanmu, ba gaggawa, kamar tsohuwa za ta barka. Na manta da fushi, na manta da Daura. Sai daga baya na lura hannuna na cikin nasa, ya damƙe shi tamau. Na ce a raina, to, yau dai ga shi.

Muna cikin haka mai koyarwar ya kafa tafinsa a goshi, alamar da ya ce ta shak ce, ya nuna gefenmu. Su biyu ne, masu ruwan toka, kowanne ya kusa tsawon mutum, da ɗan fari a bakin fiffikensu. Suna tafe suna kaɗa jela a natse. Har a wannan halin littafi bai bar ni ba. Na juya ina jiran maigidan ya tura ni bayansa ya tare mini da ƙirji.

Abin da na gani daban ne. Idanunsa sun firfito a cikin tabaran shiga ruwa, kumfa na fita daga bakinsa ba tsayawa, yana ta harba ƙafa zai yi sama, yana ja na. Mai koyarwar ya cafke rigarsa yana masa alama, amma ko kallonsa ba ya yi. Nan take gargaɗin huhun nan ya faɗo mini. Ban san inda na sami ƙarfin ba. Na fizgo shi, na kai fuskata dab da tasa har tabaranmu suka haɗu, na ɗora tafina a ƙirjinsa. Ina jin zuciyarsa na bugawa ta cikin roba. Na ja numfashi a hankali yana gani, na sake shi a hankali. Na sake yi. Ya tsaya yana kallona. Tun da aka kai ni gidansa bai taɓa duban ƙwayar idona ya daɗe haka ba. Kaɗan-kaɗan kumfar ta ragu, ƙafafunsa suka daina harbi. Kifayen da ake tsoro kuwa suka ratsa ta gefenmu suka wuce kamar shanun da suka ƙoshi, ko waiwayenmu ba su yi ba. Mai koyarwar ya jagorance mu muka hau sama sannu a hankali.

A jirgi ya yi amai, ya kwanta ya rufe fuska da tawul. Sai bayan la'asar, muna zaune a bakin ruwa, ya buɗe baki. Ya ce yana yaro, wata damina, shi da ƙanensa suka je wanka kududdufin da ake haƙar ƙasar gini a bayan garinsu. Ƙanen ya zurma a rami ya nutse, bai fito da rai ba, shi yana tsaye yana kallo, ba abin da ya iya yi. Tun daga ranar ko rafi ya kawo ruwa, gara ya yi zagaye komai nisa. Ban taɓa jin labarin ba. A gidansu ba a tayar da shi, ni kuma ina can ina jiran a gaya mini kalamai, ban taɓa tambayarsa abin da ke ransa ba.

Na ce, "To me ya kai ka shiga, Likita?"

Gaskiya na gyara zama. Na ce yau zan ji abin da na daɗe ina karantawa. Ya ɗan yi wasa da yashi, sannan ya ce, "To in na bar ki kika shiga ke kaɗai wani abu ya same ki, me zan ce wa Baba?"

Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya murmusa. Can da dariyar ta lafa, yana kallon teku ba ni ba, ya ƙara da cewa, "Kuma gidan yana yin shiru da yawa in ba kya nan."

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Da muka sauka Kano muka kama hanyar Daura, motar ta bi ta bakin layinmu, na kalli ƙofar gidanmu na kau da kai. Kwana biyu yayata ta zo ganin tsaraba, ta tambaye ni ina maganar takarda. Na ce an fasa. Ta ce, "Littafin ne ya ƙare, ko mai hayar ne ya tashi?"

Kada mai karatu ya ɗauka mutumin ya sake hali. Bai sake ba. Haka ya ci gaba da tafiya a gaba ina baya, haka muka haifi 'ya'yanmu muka aurar da ta fari. Ni ma ban daina karatuna ba, sai dai na daina auna shi da mutanen takarda. Ko sau ɗaya bai ƙara tayar mini da zancen tekun ba, har na ɗauka kunyar abin yake ji, ni ma na bar shi.

'Yan shekarun baya ya kwanta ciwo na ɗan lokaci, Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar uku gida ya cika da mata daga Sandamu da Zango, har da na rugagen da yake duba wa shanu. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta shigo tana dogara sanda, ta dubi matan ɗakin ta ce, "Wace ce ta cikin tekun?" Aka nuna ni. Ta zauna kusa da ni ta ce ai babu rugar da Likita bai ba da labarin nan ba. Yana cikin yi wa saniya allura sai ya ɗauko shi, da kifayen, da aman da ya yi, ba ya rage komai, maza na yi masa dariya shi ko a jikinsa. Ta ce kullum da magana ɗaya yake rufewa: in ba don 'yar Daura ba da tuni an manta da shi, don mace irin tata sai an tona. Sauran matan suka ce ƙwarai, su ma sun sha ji.

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Ashe kalaman da na kusa kashe aurena a kansu yana da su, shekara da shekaru yana rabawa a ƙauyuka, fuskata ce kawai ba ya iya faɗa wa.

Abin da na koya shi ne, kafin mace ta yanke wa mutum hukunci kan abin da bai faɗa ba, ta duba abin da ya shiga saboda ita. Wani so a baki yake, wani kuma sai ya bi ka cikin abin da ya fi tsoro a duniya, ya fito ya ce don Baba ya yi. Allah ya jiƙan Likita, ya sa ya huta.